Tsohuwar Novata da tayar dirag radiyal

Motar Chevrolet Nova ce ƙirar 1972 mai ƙofa biyu, na saye ta a hannun wani dattijo a wani ƙauye gabas da birnin Dallas a jihar Texas ta Amurka shekara huɗu da suka wuce, lokacin ko tashi bata yi sai da muka turo ta muka ɗora a tirela. Uwargida da ta leƙo ta ganta a ƙofar gida tambayar farko da tai min itace wai sana'ar gwangwan na koma ne? ban ce mata komai ba dan a ranar kam tana da gaskiya, kujerun duk ɓera ya ci, ƙasan but ɗin kana hango kwalta ta ciki.

Shekara biyu na yi ina haɗa ta a gareji da daddare bayan na taso daga aiki. Injin 350 ne, wato lita 5.7, mai silinda takwas, aka sake shi aka sa masa kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, mai ɗan zafi da kawuna na alminiyam da kabireta mai baki huɗu, giyabos ɗin kuma otomatik ne TH350 mai giya uku. A lissafin wanda ya haɗa min injin zai kai ƙarfin doki 360 ko kusa da haka. To ranar da ta fara tafiya da ƙafarta sai na gano wani abu, duk lokacin da na take totur da ƙarfi daga tsaye tayar baya ta dama ce kawai take ihu tana hayaƙi motar kuma tana nan kamar an ɗaure ta da igiya, sai ka juyo ka ga baƙin layi guda ɗaya tal a kan titi. Yarana suna murna suna tafi, nima gaskiya murna nake, a tunanina ƙarfi ne yai mata yawa. Ni da na tashi a Kaduna ina kallon 'yan wasan mota suna murza 504 a gidan biki, a kaina hayaƙin taya shine alamar mota ta isa.

Filin tsere ne ya cire min wannan tunanin. Na taɓa zuwa kallo a Texas Motorplex da ke Ennis, inda manyan motocin NHRA, ƙungiyar tseren motoci ta Amurka, suke zuwa a watan Oktoba, amma inda nake shiga da tawa motar wani fili ne da ake buɗewa kowa da kowa daren Juma'a dan gwaji, ka biya kuɗin ƙofa, mai dubawa ya buɗe bonet ya girgiza batir ya ga ko a ɗaure yake, ya duba ko lagireto yana da gwangwanin tarar ruwa, ya ƙirga notikan taya, sannan ya rubuta maka lamba da farin alli a gilas. Dama tun asali dan wannan aka kafa NHRA ɗin a 1951, Wally Parks ya kafa ta dan a ɗauke samari daga tsere a kan titin gari a kai su inda akwai doka da agogo. Ya tambaye ni sakan nawa motar take yi nace bansani ba yau ne farko, yace to in ka sauko 13.99 ko ƙasa sai da hular kwano. Na riga na sayi hular ma tana kujerar baya, dan ni a raina 12 zan yi.

Tseren miƙe ne, kwatan mil, ƙafa 1,320, kusan mita 402. In ka gama ka juyo ta hanyar dawowa akwai ɗan ɗaki da ake miƙo maka 'yar takarda kamar rasit ɗin kanti, a jiki an rubuta lokacin da ka ɗauka ka ci ƙafa 60 na farko, da 330, da rabin hanya, da ƙarshe, da gudun da ka fita da shi. Tawa ta nuna 2.31 a ƙafa 60, 14.05 a ƙarshe, gudu mil 103 a awa. Wanda muka jera da shi wani yaro ne a akori-kura ta dizal, ya tafi ya barni ina ƙona taya a layi, sai bayan rabin hanya na fara kamo shi kuma ban kamo shi ɗin ba. Hular kwano ko taɓa ta ban yi ba.

Ina tsaye jikin mota ina kallon takardar sai ga wani dattijo Bature da yake fakin kusa da ni da tsohuwar Dodge, gemu fari fat, irin mutanen nan da tun kafin a haife ni suke wannan harkar, ni dai Baba nake ce masa har yau kuma ya saba yana amsawa. Ya karɓi takardar ya ɗaga ta wajen fitila yace gudun da ka fita da shi na motar sakan 13 cif ne, injinka lafiyarsa lau, sakan guda ka zubar tun a layin tashi. Yace lambar da zan dinga kallo itace ta ƙafa 60, duk ɗigo ɗaya, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan, da ka rage a nan zaka samu ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshe. Daga nan ya durƙusa da ƙyar yana riƙe gwiwa ya haska gefen tayata da waya, ya nuna min wasu lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, tambarin ma'aikatar sufurin Amurka, 2311. Yace sati na 23 na shekarar 2011 aka yi ta. Wallahi tayar ta girmi ɗana na biyu, ni kuma ina ganin zanenta cike yake shiyasa ban taɓa tunanin canza ta ba. Ya danna farcensa a jikinta ko alama bai bari ba, ta bushe ta zama kamar robar bokiti.

Abu biyu ne a gabana, silik ko dirag radiyal. Silik itace tayar tsere zalla, sumul ba zane ko ɗaya, zaren cikinta a gicciye aka saƙa shi, gefenta kuma laushi ne da shi, in mota ta tashi zaka ga gefen ya yamutse kamar fatar tsohuwa, wannan yamutsewar ita ke shanye bugun da injin ya kai mata. Tana riƙe ƙasa sosai kuma tana da haƙuri, ko ta ɗan zame tana sake kamawa. Matsalarta doka bata yarda ka hau titi da ita ba, kuma in gabanka radiyal ne bayanka silik motar takan yi lilo a ƙarshen gudu. Dirag radiyal kuwa gininta irin na tayar yau da kullum ne, tana da tambarin DOT dan haka zaka iya hawa titi da ita, sai dai robar mai taushi ce ƙwarai zanen kuma kaɗan ne, iyakar abinda doka ta nema. BFGoodrich na cikin waɗanda suka fara fito da ita a shekarun 1990, yanzu kuwa abin ya zama duniya guda, a jihar Jojiya akwai gasar Lights Out da ake yi a South Georgia Motorsports Park inda motoci kan tayar radiyal suke cin ƙafa 660 a ƙasa da sakan huɗu, har aji guda akwai mai suna X275 da sunan faɗin tayar aka sa masa. Ni ba can na nufa ba, ni dai bani da tirela bani da motar jan ta, minti arba'in nake tuƙawa daga gida zuwa fili in dawo da ƙafata, kuma giyata otomatik ce wadda radiyal ta fi shiri da ita dan bata fizgar taya farat ɗaya kamar mai sakin kuloci. Zaɓin bai min wahala ba.

Har na ɗauko waya zan yi oda Baba yace tsaya tukuna, baƙin layi nawa kake bari a titi? nace ɗaya. Yace to ko tayar zinare ka saya guda ɗaya ce zata yi aiki. Ya ce in na koma gida in ɗaga bayan motar duka biyu in juya taya ɗaya da hannu in kalli ɗayar. Na yi hakan washegari, ina juya ta dama gaba ta hagu tana komawa baya, wato difiranshiyal ɗin buɗaɗɗe ne, duk tayar da ta fi sauƙin zamewa ita yake turawa ƙarfi. Sai an sa abinda suke kira fozi, mai kuloci a ciki da ke haɗa tayoyin biyu su tura tare. Tunda za a buɗe aksil ɗin nace a canza giyar ciki gaba ɗaya daga 3.08 zuwa 3.73. Wannan aikin ban yi shi da kaina ba, daidaita haƙoran giyar nan aikin masu shi ne, kuskure kaɗan zata dinga kuka kamar ana yanka akuya. Bakaniken da na kaiwa yace kwana huɗu, sai da motar ta yi sati uku a wurinsa, kullum gobe, ashe wannan halin ba a gida kaɗai yake ba. Aikin dai ya yi kyau. Na yi mil 500 ina lallaɓa ta dan giyar ta zauna, sannan na juye man na zuba sabo da ɗan ƙarin maganin da ake haɗawa saboda kulocin fozi kar ya dinga ƙara a kwana.

Awo shine inda na fi daɗewa kuma shine inda mutane suka fi asarar kuɗi. Kowa a intanet 275/60R15 yake cewa, nima ita nake so. Ga wanda bai saba karanta lambar ba, 275 faɗin tayar ne a milimita, 60 na nufin tsayin gefenta kashi 60 cikin 100 na faɗin, 15 kuma girman rim ne a inci, in ka haɗa tsayinta gaba ɗaya inci 28 ne. Ta 255/60R15 kuma inci 27 ce, faɗinta ya ɗan wuce inci 10, waccan kuwa kusan 11. Ita Nova ta wannan zamanin an santa da matsattsen gidan taya, ta ciki sifirin mai ganye ya tare, ta waje kuma leɓen madigadi ya lanƙwaso ciki da kaifi kamar bakin gwangwani. Na cire tayar na sa jak a ƙarƙashin aksil dan nauyin motar ya zauna yadda yake zama in tana ƙasa, na ɗaure noti a zare na sako shi daga leɓen madigadi, na kifa miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar durom ɗin birki inda rim ke zama, na auna daga nan zuwa sifirin, na auna daga nan zuwa zaren. Sau uku ina maimaitawa dan ban yarda da abinda na gani ba, gefen dama da na hagu ba ɗaya bane, akwai bambancin kusan rabin inci, aksil ɗin bai zauna a tsakiya cif ba, kuma wai haka yawancinsu suke tun daga kamfani. Har kwalin firiji na yanka daidai siffar tayar na cusa ina juyawa. A takarda 275 zata shiga amma da ƙyar, ita kuma taya ba dutse bace, in ka sha kwana ko mota ta zauna a kanta gefenta kumbura yake, kana bukatar a ƙalla rabin inci ta kowane ɓangare. Abokina ɗan Zariya da yake taya ni yace mutumina kawo sandar wasan besbol mu murza leɓen ya kwanta ai haka ake yi, nace fentin da na kashe wa kuɗin da har yanzu ban faɗawa maman yara gaskiyar adadinsa ba? ko kusa. Na haƙura da 255.

Na sayi rim na ƙarfe guda biyu 15x8 masu huji biyar irin na Chevrolet, zurfin bayansu inci 5 dan su tura tayar ciki nesa da leɓen, tayar kuma Mickey Thompson ET Street S/S, ita ce mai ɗan zane da aka yi dan titi da fili, akwai 'yar uwarta ET Street R da zanenta bai kai haka ba ta fi karkata ga fili. Da suka iso na buɗe kwalin warin roba ya cika garejin, na danna babban yatsana sai da ya lotsa, in ka ɗora tafin hannu ka ɗaga har wani ɗan danƙo kake ji. Yaron shagon taya da ya ɗora min su sai da ya kira abokan aikinsa suka zo suna latsawa. Na sa farin fenti na ja ɗan layi daga rim zuwa jikin taya daidai bakin bawul, dan in tayar tana zamewa a kan rim in gani.

Daren farko da sabuwar taya ni na ɓata abina da kaina. Na kwana ina kallon bidiyo a YouTube ban lura yawancin na masu silik bane, ina zuwa na sauke iska daga 30 zuwa 14, na shiga cikin ruwan da ake zubawa kafin layi da tayoyina huɗu, na tsaya a tsakiyar ruwan na murza taya na tada hayaƙi kamar shahararren direban tsere John Force har ba a ganin motar, ina jin mutane suna ihu ina jin daɗi. Fitila ta ba da kore na take totur har ƙasa, ta yi kamar zata kama sai kawai ta saki ta ci gaba da juyawa. 2.05 a ƙafa 60. An samu ci gaba amma ba na kuɗin da na kashe ba, kuma wajen ƙarshe bayan motar yana wani rawa da bai min daɗi ba.

Na yi sallar Magariba a gefen motar na naɗe darduma, Baba yana zaune kan kujerarsa ta naɗi yana jira in idar, sannan ya taso yace zo ka ga wani abu. Ya kai ni inda na fito daga ruwa ya nuna min sawun da na bari, gefe da gefe baƙi wuluk tsakiya kuma fari-fari. Yace iska ta yi kaɗan, tsakiyar tayar ya lotsa sama baya taɓa ƙasa, radiyal ba silik bace gefenta baya yamutsewa, in ka rage mata iska da yawa riƙonta raguwa yake baya ƙaruwa. Ka fara daga 20 kana sauke ɗaya-ɗaya kana rubutawa, kuma ka auna da gejinka guda ɗaya kullum kar ka ari na wani. Na biyu, tayoyin gabanka masu zane ne, in ka bi ta cikin ruwa da su ɗebo shi suke su ɗiga maka a kan layin da tayar baya zata bi, dan haka ka zagaye ruwan ka dawo da baya ka jiƙa na bayan kawai, ka ɗan matsa gaba zuwa bakin ruwan sannan ka murza, in ba haka ba ruwan fantsama yake cikin madigadi ya dawo yana ɗigo kan taya kana tsaye a layi. Na uku, hayaƙin nan duka kuɗinka ne kake ƙonawa, da ka ga hayaƙi ya fara fitowa ka saki birki ka fita, sakan biyu zuwa uku ya isa, in ta yi zafi da yawa maiƙo take fitarwa. Sai na ƙarshe wanda shine ya fi wuyar koyo, yace ita wannan tayar in ta kama ta kama in ta saki ta saki, bata dawowa da kanta, in ka ji ta zame ɗaga ƙafa ka sake takawa, kuma kar ka bari ta zame ɗin tun farko.

Na koma na yi yadda yace. Iska 20, ƙonawa kaɗan, na daidaita tayoyina kan baƙaƙen sawu biyun nan da robar motocin baya ta kwanta, na matsa a hankali fitilar farko ta saman sandar fitilun tashi da suke kira bishiya ta kama, na ƙara ɗan taƙi ta biyu ta kama, ƙafar hagu kan birki ta dama na ɗaga injin zuwa 1,800, rawaya uku suna saukowa rabin sakan tsakaninsu, a ta ukun na saki birki na bi totur da sauri amma ba duka lokaci guda ba. 1.92, ƙarshe 13.24. Ranar na fara sa hular kwano da hujja.

Daga nan kuma sabuwar matsala ta fito wadda tsohuwar taya ta ɓoye min shekara biyu. Da na sauke iska zuwa 18 na ƙara zafin tashi sai bayan motar ya fara tsalle, dam dam dam dam, kamar ana dukan ƙasan mota da taɓarya, madubi yana rawa haƙorana suna haɗuwa. Abinda ke faruwa shine da taya ta riƙe ƙasa, shi aksil ɗin sai ya nemi juyawa ta ɗaya ɓangaren, hancinsa ya ɗaga sama ya murɗe sifirin mai ganye ya lanƙwasa shi kamar harafin S, sifirin ya gaji ya fizgo ya dawo, tayar ta yi sama ta faɗo ta sake kamawa, haka sau da yawa cikin sakan ɗaya. Da tana zamewa ai babu abinda zai murɗe. Wannan tsallen shi ke karya kaya, in ka ji shi ɗaga ƙafarka kawai. Maganin sandunan riƙe aksil ne, na sa CalTracs, ƙarfe ne da ke tashi daga ƙarƙashin aksil zuwa gaban sifirin ya hana shi naɗewa ya mayar da wannan ƙarfin ya zama danna taya ƙasa. Na canza shokazoba na baya zuwa masu daidaitawa, aka yi min waldar ƙarafa biyu da suka haɗa firem ɗin gaba da na baya dan ita Nova bata da cikakken firem, bodin ne ke ɗauke da tsakiyarta. Baba ya dage sai na sa zoben ƙarfe da ke zagaye farfela ta gaba, nace doka bata nema a kaina ba tukuna da irin tayata da lokacina, yace farfela bata karanta littafin doka. Na sa dan kar ya ga na raina maganarsa.

Sati biyu bayan nan na gode masa. Na saki birki motar ta ɗaga hanci kamar zata tafi sai naji ƙara gwaram, injin ya yi sama fuu motar kuma ta tsaya cak, wani abu yana dukan ƙasa a ƙarƙashin kujerata. Kuros ɗin farfela na baya ne ya tarwatse, ƙaramin nan 1310 da ya zo da motar, wataƙila ma tun na 1972 ne. Zoben ya riƙe ta bata fice ta yi wani wajen ba, ta dai lotsa salansa ɗaya ta kuma bar tabo a ƙasan bodi. Aka tsayar da tsere kusan kwata ana share 'yan ƙananan allurai na cikin kuros ɗin daga kan layi da tsintsiya, layin motoci a bayana kowa ya kashe injin ya fito yana kallo, ni kuma ina tura mota da taimakon mutum uku kunya kamar in nutse. Ɗan Zariya na kira ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yana zuwa bai ko yi min jaje ba yace Alhaji wai kai da girmanka, nace naji, kira mana mai jan mota. Na sa aka yi min sabuwar farfela da kuros 1350 manya gaba da baya.

Daren da komai ya haɗu ƙarshen Oktoba ne. Zafin Texas ya sauka, iska mai sanyi injin yana shaƙa yana jin daɗi, an fesa wa layin tashi gam ɗin nan da suke fesawa har in ka taka da takalmi sai ka ji yana ɗaf ɗaf zai cire maka shi. Iska 18 a duka biyun, na auna bayan na dawo daga zagayen farko na ga zafi ya ƙara mata kusan ɗaya na sauke. Abin mamakin shine tashin da ya fi kowanne kyau shine wanda ya fi kowanne shiru, babu ihun taya babu hayaƙi babu tsalle, kawai naji kujera ta daki bayana, bonet ya taso ya rufe min rabin hanya, wayata da na manta a kan kujerar gefe ta wuce baya, tsabar kuɗin da ke cikin mazubin tokar sigari na gaba suka watse a ƙasa. Har na ɗauka ban yi sauri ba. Matar da ke ɗakin takarda ta miƙo min, 1.78 a ƙafa 60, 12.86 a ƙarshe, mil 105. Injin nan dai shine na ranar 14.05, ko sukurun kabireta ban taɓa ba. Na kai wa Baba ya ɗaga ta wajen fitila kamar yadda ya yi ranar farko, ya miƙo min yace akwai sauran ɗigo ɗaya a ciki, ya koma kan kujerarsa.

Zama da ita a titi kuma wani labarin ne. Duk tsakuwar da ta taka sai ta ɗauke ta ta watsa cikin madigadi, kana tafiya kana jin ƙaras ƙaras, ƙasan fentin bayan taya duk ya yi ɗigo-ɗigo. Da sanyin safiya kafin ta ɗumama bata riƙe komai. Da giyar 3.73 injin yana wajen 3,000 in ina mil 65 a babbar hanya, mai kuma kamar ana zubarwa, allurar gudu ma sai da na canza mata ɗan giyar cikin giyabos kafin ta dawo faɗin gaskiya. Sannan ruwan sama, kowa ya gargaɗe ni har a takardar tayar an rubuta, ni ne dai na ga hadari na ce zan riga shi isa gida. A kan babbar hanyar I-45 ya same ni, ina mil 50 kacal na shiga wani ɗan ruwa da ya kwanta naji bayan motar ya yi sauƙi kamar ba a ƙasa yake ba ya fara zamewa gefe a hankali, ban taɓa birki ba na ɗaga ƙafa kawai ina salati har ta dawo, na fita a mafita ta gaba na fake a gidan mai sai da ruwan ya ɗauke, awa ɗaya da wani abu ina zaune hannuna yana rawa a kan kofin shayi. Ga ci kuma, bazara ɗaya da kaka ɗaya zanen ya kusa rabi, alhali tsohuwar ta shekara goma sha bata nuna gajiya ba.

Yanzu saiti biyu nake da shi. Na sayi sabbin tayoyin titi na kirki na ɗora a tsofaffin rim, su ne a jiki kullum, daren Alhamis in na duba hasashen yanayi na ga babu ruwa sai in ɗaga mota in ɗaura masu taushin, in hura su 28 dan tafiyar hanya, a fili in sauke, in zan taho in sake hurawa da ɗan famfon da nake haɗawa da batir. Ranar Asabar in cire su in goge tsakuwar in sa kowacce a baƙar leda in jingine inda rana bata kaiwa. Layin fentin da na ja a rim ya matsa kamar faɗin farce a ta dama, ta hagu yana nan inda yake. Sandunan aksil ɗin ciki har yanzu na asali ne masu haƙori 28 da ɗan ƙarfe mai siffar C ke riƙe da su, in ɗaya ya karye taya da durom tare suke ficewa, dan haka na yi odar sabbi masu ƙarfi suna hanya, maman yara ta ga saƙon banki ta tambaye ni wannan kuma na menene, nace mata na tsaro ne.